Ranar da Aka Kama Alhaji Jabir a Gidansa

Alhaji Jabir fataucin albasa yake yi a Illela. Yana saye a hannun manoman Lafani da na Araba, ya loda wa manyan motoci zuwa Kudu, wani lokaci kuma ya tsallaka da ita Konni. Mutum ne mai jiki, mai son babbar riga, mai saurin fushi da saurin hucewa. Tun da Allah ya buɗa masa, abu ɗaya ne ya hana shi sakewa, wato unguwar da aka haife shi, Shiyar Marina.

A Shiyar Marina lunguna matsattsu ne, sai mai babur ya tattare gwiwa kafin ya wuce. Katangu gajeru ne, har mace kan miƙa wa maƙwabciyarta gishiri ba tare da ta nemi mayafi ba. Kowane zaure da tsoho a zaune, kowace ƙofa da mai sayar da wani abu. A bakin babban lungun kuma akwai Gwaggo Tasalla, ƙanwar mahaifin Alhaji Jabir, da farantin ƙuli-ƙulinta da kwalaben man gyaɗa. Ba mai shiga ko fita sai ta gan shi, kuma ba ta taɓa ganin mutum ta bar shi ya wuce ba tambaya ba.

Alhaji ya daɗe yana haƙuri. Ya haƙura ranar da ya sayi firji, tun ba a cire shi daga kwali ba mata suka fara aiko da robobin zoɓo a sanyaya musu. Abin da ya kasa jurewa shi ne ranar da ya dawo daga Sakkwato, inda ya je ganin likita a asirce. Ya ɗauko wasu manyan abokan cinikinsa na Konni a mota, zai yi musu abinci a gida. Suna sauka Gwaggo ta ɗaga murya daga inda take zaune.

"Jabiru! Sannu da hanya. Ya basir ɗin? Mi likita ya ce, yankewa za a yi?"

A makon nan ya sa aka fara haƙa harsashin gini a Sabon Fegi.

Sabon Fegi yana bayan gari, ta hanyar Araba. Masu hannu da shuni ne suka yanki filaye a can, kowa ya ja katanga doguwa, ya jera fasassun kwalabe a kanta, ya sa ƙofar ƙarfe baƙa. Babu zaure, babu shago, babu bishiyar da za a zauna a inuwarta. Tsakanin gida da gida sai kango da ciyawa. Maigida zai zo a mota gilashi a rufe, ya danna oda, a buɗe masa, a rufe. Alhaji Jabir ya yi katangarsa ta fi ta kowa tsawo, kuma da kansa ya tsaya aka dasa kwalaben.

Matarsa Hajiya Safiyyatu ba ta ji daɗin wurin ba. "Alhaji, wagga unguwa ko mai sallama babu," in ji ta. "Ko na mutu cikin ɗaki sai wari ya hita."

"Abin da ni zo nema ke nan," in ji shi. "Kowa shi ji da gidanai."

Abin da bai sani ba shi ne sata ta yi yawa a Sabon Fegi. Yau a ɗauke injin ruwa, gobe a kwance farantin sola, jibi babur. Duk wanda aka yi wa sai ya kira magini ya ƙara wa katangarsa layin bulo, ya yi shiru, don ba shi da wanda zai gaya wa. Haka katangu suka yi ta tsawo, satar kuma ba ta ragu ba.

Wata ranar bazara Alhaji ya kwashi iyalinsa da sassafe suka tafi Darna Sabon Gari bikin sunan ɗan ƙanwar Hajiya. Ya rufe ƙofa da kwaɗonsa mai nauyi, ya jijjiga shi, ya tafi hankali kwance.

Gidan da ke jikin nasa na Malam Abdulmalik ne, tsohon ma'aikacin ofishin gona da ya yi ritaya daga Sakkwato. Dattijo ne siriri, mai kirki, mai son hira, wanda tun da ya tare a unguwar bai sami abokin hirar ba sai rediyo. Da hantsi ya fito zuba wa zogalensa ruwa, sai ya ga wata farar a-kori-kura a ƙofar maƙwabcinsa, ƙofa a buɗe, samari suna fito da kujeru. Wani saurayi mai tsabta, da farar hula, ya bar abin da yake yi ya zo ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina kwana? An tashi lahiya? Ya iyali? Ya zahi?"

Malam Abdulmalik ya ji wani sanyi a ransa. Rabon da a gaishe shi haka a unguwar har ya manta. Saurayin ya ce sunansa Faruk, yaron Alhaji ne, Alhaji ya koma Sakkwato da zama, ya ce su biyo shi da kaya.

"Allah sarki," in ji Malam. "Ga shi za shi tashi ba mu ko gaisa ba. Zamani ke nan."

Ya shiga gida ya kawo musu ruwa. Da ya ga sun karkata talabijin, ya yi musu faɗa, ya nuna musu yadda ake jingina ta da katifa. Da janareta ya yi musu nauyi, ya naɗe hannun riga ya kama gefe ɗaya. A ƙarshe motar ta cika, firji ya rage a tsakar titi ba wurin sa shi. Faruk ya sosa ƙeya ya ce ai dama Alhaji ya ce in bai shiga ba a sayar wa mutumin kirki ko nawa ne. Malam Abdulmalik kuwa ya daɗe matarsa tana yi masa ƙorafin ruwan sanyi. Nan take aka yi ciniki, samarin suka ɗauki firjin suka kai masa har tsakar gida, suka jona masa.

Kafin su tafi, Faruk ya rufe ƙofar Alhaji da sabon kwaɗo, ya zo ya miƙa wa Malam makullin da hannu biyu.

"Baba, Alhaji ya ce a bar ma maƙwabci mai amana. Don Allah a sa ido, an ce akwai ɓarayi unguwagga."

"Ka bar mini," in ji Malam Abdulmalik. "Ku gai da Alhaji."

Bayan la'asar Alhaji Jabir ya dawo shi kaɗai, ya bar Hajiya da yara a wurin biki. Ya sa makulli ya ƙi shiga. Ya juya shi, ya tofa masa yawu, ya ƙi. Ya duba kwaɗon ya ga ba irin nasa ba ne, sai ya ɗauka Hajiya ce ta canza ba ta gaya masa ba. Ya kira ta, wayar ta yi ta ƙara a cikin hayaniyar biki ba wanda ya ɗauka. Ga shi kunun zaƙin da ya sha a Darna ya matse shi. Ya duba gabas ya duba yamma, titi ba kowa. A karon farko ya gode wa Allah da unguwar da ba a ganin mutum.

Ya matso da mota jikin katanga, ya cire babbar riga da 'yar ciki ya shimfiɗa a kan kwalaben, ya hau kan rufin motar. Rufin ya lotsa. Ya yi bisimilla ya ɗora ciki a kan katanga, ya yi ta wutsil-wutsil da ƙafafu. Wata kwalba da rigar ba ta rufe ba ta kama wandonsa ta tsarge shi tun daga ƙugu har gwiwa. Hularsa ta faɗa waje, shi kuma ya faɗa ciki, a kan tarin yashin da ya rage na gini.

A daidai lokacin Malam Abdulmalik ya leƙo don cika amana. Abin da ya gani kawai shi ne rabin wani ƙaton mutum yana ɓacewa a bayan katanga. Nan take ya kira Sufyanu, shugaban 'yan sintirin wannan ɓangaren na gari.

A ciki, Alhaji ya kakkaɓe yashi ya nufi falo. Ya tarar da shi fayau, sai alamar ƙafafun kujeru a kan leda. Ya shiga ɗakin Hajiya, ba gado ba madubi. Ya shiga nasa, ko darduma ba su bari ba. Ya manta da abin da ya matse shi, ya fito tsakar gida ya ɗora hannu a ka ya kurma ihu.

"Ɓarayi! Ɓarayi! Jama'a, ɓarayi!"

Sufyanu da mutanensa sun iso ke nan a kan babura, da gorori da adduna. Da suka ji ihun, Sufyanu ya ce, "Kun ji? Ba ɗaya ba ne, suna da yawa, har sun kama wani ciki. A karya!" Suka ɗauko wata doguwar azara daga kangon da ke kallon gidan, suka ja baya suka auka wa ƙofar. Ƙofar ta yi gardama, amma ginshiƙin da aka kafa ta bai yi ba. Ta tuge gaba ɗaya ta faɗa ciki da ƙarar da aka ji har bakin titin mota. Ƙura na lafawa Malam Abdulmalik ya sa hannu a aljihu zai ciro hankici, sai ya ji makulli.

"Af," ya ce a hankali, ya mayar da shi.

Suka tarar da mutum ɗaya tak, mai tumbi, da singileti, da yagaggen wando, fuska duk yashi. Kafin ya buɗe baki an riƙe shi ta ko'ina.

"Ina sauran?" in ji Sufyanu.

"Wane sauran? Ku sake ni! Ni ad da gidanga! Ni ne Alhaji Jabir mai albasa!"

"Ƙarya yake," in ji Malam Abdulmalik. "Mai gidanga ya tashi da hantsi. Da hannuna na kama anka loda kayanai."

Alhaji ya juyo ya dube shi. "Kai ka kama?"

"Ni na kama. Har janareta."

Sai da mutum uku suka ƙara riƙe Alhaji.

Sufyanu ya ce shi ya san Alhaji Jabir daga nesa a kasuwa, mutum ne mai kamala, ba ya hawa katanga. Ko da ma shi ne, wa zai shaida cewa gidan nasa ne? Takardun gida suna cikin durowa, durowa tana cikin a-kori-kura. Ƙarar ƙofa ta fito da mutanen layin, kowa ya tsaya nesa da ɗan'uwansa, hannu a baya. Aka tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya taɓa ganinsa. Wani mai suna Alhaji Uzair, mai sayar da buhunan shinkafa, ya ce shi dai ya san motar, ta mai gidan ce, amma bai taɓa ganin wanda ke ciki ba.

"To ka ji," in ji Sufyanu. "Har motar ka sace."

Da aka rasa yadda za a yi, Sufyanu ya tambaye shi inda aka san shi. Alhaji ya ce a kai shi kasuwa, aka ce an tashi. Ya ce a kai shi wurin 'yan sanda, Sufyanu ya ce sai ya tabbatar da abin da ya kama tukuna. Alhaji ya ce da ƙaramar murya, "Shiyar Marina."

Haka aka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu, ya riƙe wandonsa da hannu ɗaya. Tun kafin su kai bakin lungu unguwa ta cika. Gwaggo Tasalla ba ta ko tashi ba. Ta kare ido da hannu ta dube shi sama da ƙasa.

"Inna, kin san wanga?" in ji Sufyanu.

"Wa, Jabiru? Ni na yi mishi wankan jego da uwarshi. Ɗan Malam Abu na, yayana, Allah shi jiƙan shi. Ku duba bayan cinyarshi ta hagu, tunda ga ta nan buɗe, akwai tabon da jakin Sarkin Marina ya cije shi yana ƙarami. Ba ya cin kuɓewa. In ya yi ƙarya kunnenshi na dama shina motsi. Kuma shina da basir, don haka ku sauke shi daga babur ɗin nan."

Sufyanu ya leƙa, ya ga tabo, ya sake shi nan take, ya cire hularsa ya fara ba da haƙuri. Wani tsoho ya miƙo zane daga zaure, Alhaji ya ɗaura. Da aka ba Gwaggo labarin farar mota da saurayi mai farar hula, sai ta tafa hannu.

"Wanga yaro mai yawan gaisuwa? Ya zo nan kwanaki. Na ce ɗan wa kake, ya hwaɗi. Na ce wace shiya, ya hwaɗi. Na ce wa kaka nema, ya ce Alhaji. Na ce wane Alhaji, muna da su da yawa, har da waɗanda ba su tahi Makka ba. Na ce kana da mata? Na ce motar taka ta ko ta haya? Ban gama ba ya ce ya yi mantuwa, ya ja motarshi. Ko ƙuli bai saya ba, marowaci."

Washegari Sufyanu ya tara mutanen layin a gaban gidan da ba ƙofa. Wannan ne karo na farko da suka zauna wuri ɗaya. Aka fara da gabatar da kai kamar 'yan makaranta, sannan aka shiga neman dalilin sata. Alhaji Uzair ya ce tun da aka taɓa rufe iyaka samari suka rasa abin yi. Wani ya ce baƙi ne daga tsallake. Wani ya ce rashin fitilun titi ne, aka tuna masa cewa da rana tsaka aka yi satar. Wani ya kawo shawara kowa ya ƙara wa katangarsa tsawo.

"In an ƙara, ni wa zai sauko da ni?" in ji Alhaji Jabir.

Da Malam Abdulmalik ya siffanta Faruk, sai aka fara kallon juna. Alhaji Uzair ya yi gyaran murya ya ce shi ma ya san yaron, ya taɓa taimaka masa canza taya, har ya tambaye shi ranakun da yake tafiya Kano. Wani ya ce ya ba shi zakkar gero. Wani ya ce yaron ne ya nuna masa inda ya kamata ya kafa farantin solarsa, wanda aka sace bayan mako biyu. Aka duba aka ga duk layin ba wanda ya san sunan maƙwabcinsa, amma kowa ya san Faruk, kuma kowa na yabon tarbiyyarsa.

Ana cikin haka Hajiya Safiyyatu, wadda ta dawo da safe ta sha kukanta ta gaji, ta shiga gidan Malam Abdulmalik don ta roƙi ruwa, tunda ko randa ba a bar mata ba. Matar Malam ta karɓe ta hannu bibbiyu, ta ce ta buɗe firji ta ɗauki mai sanyi, sabo ne jiya aka kawo. Hajiya ta buɗe. A hawa na biyu ta ga kwanonta mai ruwan ganye, da man shanun da ta soya shekaranjiya, da cokalinta a ciki. Ta ɗauko kwanon, ta fito da shi har gaban taron maza, ta ajiye a gaban mijinta.

Alhaji ya dubi kwano, ya dubi Malam Abdulmalik. Malam ya dubi ƙasa.

"Dama ina neman hanyar da zan hwaɗi," in ji shi. "Wallahi man ban taɓa ba. Cokali ɗaya ne, a tuwo."

Alhaji Uzair ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka bi. Alhaji Jabir ya yi ƙoƙarin riƙe fushinsa, ya kasa. Mutanen taron suka shiga suka kinkimo firjin, Malam Abdulmalik a gaba yana cewa a yi hankali da bango, suka mayar da shi inda ya fito. Shi ne kaɗai kayan da ke cikin falon.

Mai walda ya zo ya duba ƙofa ya ce ta lanƙwashe, sai an kai ta shago, kuma sai an sake ginshiƙi. Ya ce jibi. Jibin ta yi ta ja da baya. Gida kuwa ba a barin shi hanhai, don haka Alhaji ya bar wa yaransa na kasuwa harkar albasa, ya shimfiɗa tabarma a bakin gidan, ya kafa rumfar buhu, ya zauna gadi da kansa. Rana ta farko ya wuni yana tsaki. Rana ta biyu Malam Abdulmalik ya fito da kujerarsa da rediyo, ya ce shi ya jawo, dole ya taya. Alhaji bai kula shi ba sai wajen azahar, lokacin da rediyo ya faɗi farashin albasa ba daidai ba, ya ga ba zai iya yin shiru ba.

Daga nan Alhaji Uzair ya fara tsayawa in zai wuce, ya sauke gilashi, daga baya ya fara fitowa daga motar. Wani mai shayi da ke yawo da butarsa ya ga mutane a zaune, ya ajiye teburinsa a jikin kango. Da lokacin salla ya yi sai su jera a nan kan tabarma, Malam Abdulmalik ya ja su. Mata suka fara shiga wurin Hajiya jaje, jajen ya koma hira, hirar ta koma aron tukunya. Kafin wata ya ƙare an san wane ne ke tafiya, wane ne ke da baƙi, motar wa ce ke tari da safe.

Wata ranar kasuwa da hantsi suna zaune ana shan shayi, sai ga a-kori-kura shuɗiya ta shigo layin a hankali, fentinta na ƙyalli. Ta wuce su ta tsaya a can ƙarshe, a ƙofar Alhaji Uzair. Ranar ce ya saba tafiya Kano, amma motarsa ta ƙi tashi, ya fasa. Direban ya zauna a ciki ya ja hula ya rufe fuska. Wani saurayi da ba su taɓa gani ba ya sauko, ya ga dattawa na kallonsa, ya ga ba makawa sai ya zo. Ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya.

"Samari, lahiya?" in ji Alhaji Jabir.

"Lahiya lau, Baba. Alhaji Uzair ne ya aiko mu. Ya koma Kano da zama, ya ce mu biyo shi da kaya."

Alhaji Uzair ya ajiye kofin shayinsa a hankali. "Ikon Allah. Yaushe ya tashi?"

"Da asuba, Baba."

"Ya isa lahiya?"

"Ya isa, yanzu munka yi waya."

"To madalla. Ya bar saƙo game da firji?"

Saurayin ya dubi fuskokinsu, ya ga Malam Abdulmalik ya toshe baki da hula kafaɗunsa na rawa. Ya miƙe a hankali, ya ce bari ya tambayi direba. Ya yi taku biyu ya zura da gudu.

Abin da ya biyo baya ba a taɓa ganin irinsa a Sabon Fegi ba. Dattawa masu tumbi suka tashi da gudu, riguna na kaɗawa. Mai shayi ya bi da ludayi. Mata suka leƙo ta ƙofofi suna kururuwa. Direban ya ja motar da baya da ƙarfi, ya nufi hanyar da ya sani ta bayan kango, bai san cewa a 'yan kwanakin nan matan layin sun haɗu sun mayar da ruwan wankinsu can ba. Tayoyin baya suka nutse a caɓi, motar ta yi ta kuka a wuri ɗaya. Alhaji Jabir ya iso yana haki kamar zai faɗi, ya buɗe ƙofa ya cire wa direban hula. Faruk ne.

"Baba, ina wuni," in ji Faruk.

Alhaji ya ja numfashi da ƙyar. Sai ya zauna a kan matakin motar ya toshe ƙofar da jikinsa har Sufyanu ya iso. Saurayin da ya gudu kuwa ya yi ƙoƙarin haura wata katanga, kwalabe suka dawo da shi.

'Yan sanda sun gano wasu kayan a wani kango a hanyar Lafani. Alhaji ya sami kujerunsa da katifu da durowar takardu. Talabijin da janareta sun riga sun tsallaka iyaka. Hajiya ta sami gadonta babu ƙafa ɗaya, aka tallafe shi da bulo.

Ranar shari'a mutanen layin suka cika mota biyu suka tafi kotu. Aka kira Malam Abdulmalik shaida. Alƙali ya ce ya faɗi abin da ya gani a taƙaice. Malam ya fara daga zogalensa, ya bi ta kan yadda ake jingina talabijin, ya tsaya ya yi bayanin nauyin janareta. Da aka tambaye shi ko ya gane wanda ake tuhuma, ya ce ƙwarai, kuma yana roƙon kotu ta rubuta cewa yaron ya cuce shi, amma aikinsa da tsabta, ko bango bai ƙwarzana ba. Alƙali ya cire tabarau ya goge ido, ya ce shaida ya zauna. An yanke wa Faruk da abokinsa hukuncin zaman gidan yari.

A hanyar dawowa suka biya shagon mai walda. Ƙofar tana jingine a inda aka ajiye ta tun ranar farko, har an shanya mata tsumma. Mai walda ya fito yana goge hannu, ya rantse cewa jibi. Alhaji Jabir ya buɗe baki zai yi masifa, Alhaji Uzair ya ce ya yi sauri ya gama, mai shayi ya ce yau akwai ƙwai kuma ba zai ajiye wa kowa ba. Alhaji ya nuna mai walda da yatsa, ya ce zai dawo, ya shiga mota suka tafi.